Malama Otilia a Ofishin Lasisi

Zancen ya kwana uku yana zaga unguwar bakin kogi kafin ya iso kunnen Malama Otilia da safiyar Talata, tana tsaye a shagon Don Crisoforo tana zaɓen busasshen barkono. An ce sabuwar dokar lasisin tuƙi yaudara ce. An ce a rediyo kaɗai ake faɗin marar lamba ma zai samu, amma in ka je ofishin, kana buɗe baki ka ce ba ka da ita, sai a turo maka takardunka ta ƙarƙashin gilashi a kira na bayanka.

"Wa ya ce?" Malama ta tambaya, ba ta ko ɗago kai daga kwandon barkonon ba.

"Kowa ya sani, Malama," in ji Don Crisoforo, yana goge wuƙarsa ta yankan nama.

"Kowa ba sunan mutum ba ne. Shekara talatin da ɗaya ina kiran sunaye a aji, ban taɓa kiran Kowa ya ce ga ni ba. Wa ya je? Wa aka kora?"

Matan da ke layin sayen tortiya, gurasar masara, suka sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya. Don Crisoforo ya ajiye wuƙa ya lissafa mata da yatsa: surukinsa Abundio, da mai gyaran rufin nan dogo, da mijin mai kitso. Maza uku, duk sun je, duk sun dawo hannu rabbana.

"An tambaye su lamba, suka ce babu. Matar ta juya takardunsu, ta girgiza kai, ta mayar musu. Wane bayani kuma ya rage?"

"Ba ta ce musu komai ba?"

"Ta ce wani abu da Turanci."

"Me ta ce?"

"Haba Malama! Mutum yana tsaye a ofishin gwamnati, ga ɗan sanda a bakin ƙofa, ba shi da lamba, an ce masa a'a, sai ya tsaya neman ba'asi? Ai sai ƙafa me na ci ban ba ki ba."

"Ko guntuwar takarda ba a ba su ba?"

"An ba Abundio wata 'yar shuɗiya. Tun kafin ya fito ya jefa ta a kwandon shara."

Malama ta runtse ido ta ja dogon numfashi, irin wanda take ja a da in yaro ya ce mata akuya ta cinye aikin gida.

"Gardawa uku," ta ce, "ido shida, an rasa mai karanta layi ɗaya."

Lambar da ake magana ita ce ta shaidar nan da gwamnatin Amurka ke ba 'yan ƙasa da masu izinin aiki. A unguwar ba a cika sunanta, lamba kawai ake cewa, kuma cikin gida goma da ƙyar ka sami biyu masu ita. Malama kanta ba ta da ita, shekara goma sha huɗu ke nan tun da ta tsallako daga Meksiko don rainon jikoki, jikokin suka girma, ita kuma ta zauna. Lasisi bai taɓa damunta ba. Coci da ƙafa take zuwa, shago da ƙafa.

Abin da ya dame ta Nereida ce, yarinyar da ta riƙe a hannu ranar baftisma, wadda yanzu ta zama uwar 'ya'ya uku. Mijin Nereida, Fidencio, ƙodarsa ta daina aiki tun bara. Litinin da Laraba da Juma'a sai an kai shi asibitin babban gari an yi masa wankin ƙoda, tafiyar awa guda, kuma in ya fito ba ya iya tsayuwar jiran bas. Maƙwabcinsu Baldomero, mai lamba da lasisi, shi ke kai shi ya dawo da shi, to amma ya sami aiki a wata jiha, ƙarshen wata zai tashi. Saura kwana goma sha biyu. Nereida ta iya mota, motar Fidencio ma ga ta nan a ƙofar gida kyanwa na barci a kanta. Sai dai hanyar asibiti hanyar 'yan sanda ce, kuma wannan kam Malama ta yarda da shi, don ta san sunayen waɗanda aka tsayar ɗaya bayan ɗaya: marar lasisi in ya yi sa'a a ci shi tara, in bai yi ba sai dai iyalinsa su ji muryarsa a waya daga ƙetaren iyaka. Mako biyu Malama ta yi tana biya wa Nereida littafin dokokin hanya kowace yamma. Shekaranjiya yarinyar ta daina zuwa, ba ta faɗi dalili ba. Yanzu ga dalilin.

Ta miƙa wa Don Crisoforo ƙullin barkonon.

"Ajiye min wannan. Da yamma zan dawo in karɓa, in kuma kawo maka gaisuwar Kowa."

Ta sami Nereida tana shanya a bayan gida.

"Ɗauko takardunki. Bas ɗin tara da rabi za mu bi."

"Madrina," in ji Nereida, wato uwar riƙon baftisma, haka take kiranta tun tana koyon magana, "an ce ba sa bayarwa. An ce ma rubuta sunan mutum suke yi su miƙa."

"Af, an ce ta haihu ke nan? Da safe ɗaya na ji, yanzu sun zama biyu. In muka kai azahar za su yi jikoki. Ke 'yar nan, ranar ɗaya ga wata An Ce ne zai kai mijinki asibiti?"

Nereida ta dubi rigar Fidencio da ke hannunta tana ɗigar da ruwa.

"Ni zan fara shiga," in ji Malama, muryarta ta ɗan sauko. "Na taho da nawa takardun. In tarko ne, ya kama tsohuwar kaza, ba mai asarar ƙwai. In kin ga an riƙe ni, ki fita ki hau bas kamar ba ki san ni ba."

A cikin bas Malama ta ce a nuna mata komai, don ba ta yarda da shirin da ba ta gani da idonta ba. Nereida ta buɗe jaka: fasfo, ambulan biyu masu sunanta da adireshin gidan, sai takardar haihuwa tana ƙyalli cikin leda, ba ko lanƙwasa. Malama ta shafa ta, ta ji daɗi a ranta, don aikinta ne.

Shekara shida da suka wuce kogin ya yi ambaliya ya shiga gidaje arba'in da wani abu. Katifa da kujera an sami wasu, amma takardun mutane sun zama kunu. Aka yi wata da watanni ana roƙon 'yan'uwa a gida su je ofishin rajista su karɓo sababbi su aiko. Da suka fara isowa, Malama ta sayi injin manna leda ta kafa tebur a zauren coci. Duk Lahadi bayan addu'a sai ta zira takarda tsakanin leda biyu, injin ya haɗiye ta ya fito da ita da ɗuminta, ta yi tauri kamar faranti. "Rigakafi ya fi magani," take ce wa duk wanda ya zo. Wata uku ta yi tana wannan aiki, ba ta karɓi ko sisi ba. Fada, limamin cocin, ya yaba mata a gaban jama'a, mata suka yi ta kawo mata tamale, alalar masara, har ta ƙoshi da ganinsa.

"Ko kogi ya dawo, Madrina, wannan sai dai ta yi iyo," in ji Nereida, karo na farko da ta yi murmushi.

Malama ta buɗe nata gwangwanin biskit don ta duba. Takardarta ta haihuwa an ninke ta gida huɗu, ta yi launin shayi, kusurwa ɗaya ta gutsure.

"Taki ba ki sa mata leda ba?"

"Ta tsufa. Zafi zai ƙona ta." Ta rufe gwangwanin. "Gaya min, in kin zo mahaɗa huɗu ku biyu lokaci ɗaya, wa zai fara wucewa?"

Ofishin lasisi dogon ɗaki ne mai kujerun roba a jere, da allo a sama yana kiran lambar layi. Ɗan sandan da ya kori gardawa uku yana zaune a bakin ƙofa yana cin gyaɗa. Suka ciri tikiti biyu a jere, suka zauna. Awa biyu da kwata suka yi. Malama ta karanta duk abin da aka manna a bango, har da sanarwar inda za a bi in gobara ta tashi. Nereida kuwa ta riƙe jakarta a ƙirji, duk wanda ya buɗe ƙofa sai ta zabura.

Da aka kira su, taga ta uku ce. Matar da ke bayan gilashin ta manyanta, tabarau a rataye a wuya, an rubuta Lorna a ƙirjinta, fuskarta irin ta wanda ya amsa tambaya ɗaya sau dubu. Malama ta gyara mayafin kafaɗarta. Turancinta na littafi ne, kalma-kalma take jera shi kamar mai jera ƙwai a tire.

"Ina son lasisin tuƙi."

"Lambarki?"

"Ba ni da ita," in ji Malama, da ƙarfi yadda rabin ɗakin zai ji. "Ba a taɓa ba ni ba."

Nereida ta kalli ƙofa. Ɗan sandan ya jefa gyaɗa a baki.

Lorna ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta jawo wata takarda daga tarin da ke gefenta ta turo. "Cika wannan, ki sa hannu a ƙasa cewa ba a taɓa ba ki ba. Fasfo, da shaida ta biyu, da ambulan biyu masu adireshi."

Malama ta cika, ta miƙa komai. Lorna ta warware tsohuwar takardar haihuwar a hankali, ta ɗaga ta saitin fitila, ta murza babban yatsanta a kan hatimin da ke ƙasa, ta gyaɗa kai. Ta buga wani abu a kwamfuta, ta miƙo wata farar takarda.

"Taga ta biyar, gwajin ido. Daga nan sai jarrabawa."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Malama ta juyo ta dubi Nereida, ta ɗaga farar takardar kamar tuta. "To, ina Kowa? Ina An Ce da 'ya'yanta? Minti shida! Na duba agogo. Gardawa uku da gashin baki sun tayar da unguwa a kan abin minti shida. Bari in koma shagon nan, Abundio sai ya gwammace kogi ya tafi da shi. Matso, 'yata, ni zan yi miki tafinta."

Ita dai ba ta da niyyar zuwa taga ta biyar. Gwaji ta zo yi, kuma ta gama.

Nereida ta matso. Aka yi tambayar lamba, aka ba ta takardar sa hannu, ta sa. Ta miƙa fasfo, aka duba, aka ajiye gefe. Ta miƙa takardar haihuwa. Lorna ta karɓa, ba ta ko karanta ba. Ta ƙwanƙwasa ta da farce, ta yi ƙara kamar murfin kwano. Ta sauke ajiyar zuciya, ta jawo 'yar shuɗiyar takarda.

"Ba zan iya karɓar wannan ba."

Nereida ba ta buƙaci tafinta ba. Hannunta ya riga ya kai kan fasfo, ƙafarta ta juya wajen ƙofa. Malama ta damƙe mata gwiwar hannu.

"Tsaya nan. Ba inda za ki." Ta juya ga gilashi. "Don me? Ni ma ba ni da lamba, kin karɓi tawa."

"Ba ruwana da lamba, Baba. An manne ta a leda." Lorna ta sa tabaraunta, ta nuna ƙasan takardar. "Ga hatimi nan. Dole in ji tudunsa da yatsana, in kuma ɗaga takardar in ga alamar da ke cikinta. Ta cikin leda ba na jin komai. Ina zan san ta gaske ce ko hoto aka ɗauka aka manne? Doka ta ce takardar da aka manne, an taɓa ta. Ga shi nan a rubuce." Ta yi alama a layi na huɗu na shuɗiyar takardar ta turo. "Duk wanda na mayar sai na ba shi wannan."

Malama ta karanta layi na huɗu. Ta sake karantawa. Gajeren layi ne, ba kalma mai wuya a ciki.

"Me ta ce, Madrina?"

Malama ta sake duban shuɗiyar takardar. Shekara talatin da ɗaya ba a taɓa yi mata tambaya a aji ta rasa ta cewa ba.

"Ta ce ledar ce."

"Wace leda?"

"Leda nawa kika gani a nan?"

Lorna ta leƙa ambulan ɗin adireshin. "Unguwar bakin kogi. Na sani. Wannan ita ce ta tara a watan nan, duk daga can, duk irin ledar nan mai kauri, an yanke kusurwa tsaf. Kafin in gama bayani sun kwashe kayansu sun gudu. Wai wa yake yi muku wannan aikin? Ina so in ga mutumin nan ido da ido."

Tara. Ashe bayan uku na shago akwai waɗanda suka zo a ɓoye suka koma suka yi gum. Malama ta kawar da ido daga ledar.

"Wani ne mai kyakkyawar niyya," ta ce.

"To ki gaya masa ya daina."

"Zan gaya masa."

Lorna ta nuna Nereida. "Tana da wata shaidar? Takardar aure ma tana yi. Ko ta makaranta."

Malama ta fassara. Nereida ta zura hannu a jaka ta fito da takardar aure. Tana ƙyalli. Ta fito da ta gama firamare. Tana ƙyalli. Ta fito da ta baftisma, wadda sunan Malama ke ƙasanta a matsayin uwar riƙo, ita ma tana ƙyalli. Ta jera su a kan kantar tagar ɗaya bayan ɗaya. Aikin Malama Otilia ba ya barin baya, duk unguwa ta shaida.

"In aka sa reza a hankali fa?" Malama ta tambaya. "Ko dutsen guga, a ɗumama a ɓare?"

"Tawadar za ta biyo ledar. Na ga waɗanda suka gwada. Ta aika gida a karɓo mata sabuwa, kar kowa ya taɓa ta da komai, ta kawo min. A ranar, minti shida za mu yi."

Allo ya kira na gaba. Suka koma kan kujerun roba.

Nereida ta mayar da takardun jaka a hankali. Ƙauyensu ba a shigar da littafin rajistarsa a kwamfuta ba. Sai yayarta ta bar gona ta hau mota zuwa gari, ta sami mai hatimi yana nan, a ce ta dawo wani mako, ta dawo, sannan gidan waya. Bayan ambaliya wata biyu da mako ɗaya abin ya ɗauka.

"Yanzu me zan ce wa Fidencio?" ta tambaya, idonta a kan allo. "In ce ƙodarsa ta jira gidan waya?"

"Yau za mu kira yayarki."

"Za mu kira." Ta juyo ta dube ta. Can ta ce, "Madrina, tambaya zan yi, kar ki ce na yi rashin kunya. Taki da gaske zafi kika ji mata tsoro? Ta kakar Abundio ta fi taki tsufa, ina tsaye kika zira ta a injin."

Malama ta dubi gwangwanin biskit a cinyarta. Tana iya cewa ta manta. Tana iya cewa gidanta a tudu yake, ruwa bai taɓa isa ba. Duka biyun da ɗan ƙamshin gaskiya.

"Ban yarda da injin ba," ta ce. "Ranar farko na ɗauko tawa zan fara da ita, sai na ce a raina, abin da ba ya ɓaruwa in an manne, bari in ga yadda na wasu za su yi tukuna. Daga nan ban sake ɗauko ta ba."

"Kika ga yadda namu suka yi."

"Na gani."

Nereida ta mayar da ido kan allo, kuma da ta yi zagi da ya fi sauƙi. Malama ta zauna tana jin haushi, ta rasa wanda za ta ɗora wa. Ta gwada Abundio, da ya karanta shuɗiyar takarda da tun makon jiya an aika gida. Ta gwada Lorna, ta gwada gwamnati da hatiminta, ta gwada mai shagon da ya sayar mata da injin bai ce mata komai ba. Duk inda ta aika haushin sai ya zagayo ya dawo ya zauna a cinyarta kusa da gwangwanin. Shekara da shekaru tana tambayar mutane wa ya ce. Ranar da ta kafa tebur a zauren coci babu wanda ya tambaye ta, ita ma ba ta tambayi kanta ba.

Farar takardar tana hannunta har yanzu, ta ɗan cukurkuɗe. Taga ta biyar. Ta daɗe tana kallonta. Sai ta miƙe, ta ciro tabarau daga jaka ta goge da bakin mayafi.

"Riƙe min gwangwanin nan."

"Ina za ki?"

"Gwajin ido."

"Madrina, shekararki sittin da tara!"

"Na iya ƙirga, ni na koya miki. Shekara ashirin da biyu na tuƙa a-kori-kura a hanyar dutse zuwa makaranta, damina da rani, ban taɓa taka ko kaza ba."

"Yaushe rabonki da sitiyari?"

"Sitiyari bai canja siffa ba, na leƙa na Baldomero."

"Babbar hanya ce fa, manyan motoci ne. Sau uku a mako."

"Har takardarki ta iso. Ko kina da wani direban a jakar nan, shi ma cikin leda?"

Nereida ta so ta yi dariya, ta so ta yi kuka, ta rasa wanda za ta fara, sai ta karɓi gwangwanin.

A taga ta biyar wani saurayi ya ce ta kafa goshi a jikin na'ura ta karanta layi na biyar. Haruffan suka yi ta rawa kamar tururuwa. Ta karanta huɗu da tabbaci, na biyar ta faɗa da muryar da take ba yara umarni, saurayin ya ce ya yi, amma za a rubuta dole ta sa tabarau. Jarrabawar a kwamfuta ce, da harshensu, tambaya talatin. Littafin da ta yi mako biyu tana biya wa Nereida ya zauna mata a ka fiye da yadda ya zauna wa mai shi. Ta faɗi biyu. Ɗaya ta yarda, ɗaya kuwa ta tsaya za ta yi gardama a kanta, sai ta tuna layi na huɗu, ta haɗiye.

Aka ɗauke ta hoto ba ta shirya ba. Aka ba ta takardar koyo, aka ce sai da mai lasisi a gefenta za ta tuƙa har ta ci gwajin hanya. Rana mafi kusa Alhamis ta mako mai zuwa. Kwana tara. Baldomero zai tashi kwana uku bayan nan.

"In kika faɗi fa?" Nereida ta tambaya a bas ɗin komawa.

"Gobe Laraba. Ki gaya wa Baldomero ni zan tuƙa zuwa asibiti, shi ya zauna a gefe ya yi addu'a. Fidencio ya kwanta a baya ya rufe ido."

Can kogi ya bayyana ta taga. Da bas ya yi tsalle a kan gada, Nereida ta kai hannu ta dafe gwangwanin don kar ya zame daga cinyar Malama, kuma ba ta ɗauke hannun ba sai da suka iso.

Ƙarfe biyar ta wuce lokacin da Malama ta tura ƙofar shagon Don Crisoforo. An tashi daga aiki a mayanka, shagon cike yake. Ga Abundio a jingine da firjin lemo, ga dogon mai gyaran rufi, ga matan layin tortiya. Labarin tafiyarta ya riga ta isowa. Ta dubi fuskokin, kusan babu wadda ba ta taɓa tsayawa gaban teburinta a zauren coci ba. Ta yi ƙoƙarin gane sauran biyar ɗin da suka je a ɓoye, ta ga mutum biyu sun kawar da kai.

"Maraba da Malama!" in ji Don Crisoforo, yana ɗaga ƙullin barkonon. "Ga ajiyarki. To, me Kowa ya ce? Ya amsa gaisuwa?"

Aka yi dariya. Malama ta jira ta lafa, kamar yadda take jiran aji ya nutsu. Ta ɗora takardar koyonta a kan kantar shagon, hotonta a sama. Ta ɗora 'yar shuɗiyar a gefenta, ta dafa layi na huɗu da yatsa.

"Suna bayarwa," ta ce. "Ba ruwansu da lamba, takarda ɗaya ce za ka sa wa hannu. Abin da ba sa karɓa shi ne takardar da aka manne a leda. Mutum tara aka mayar daga unguwar nan a watan nan, har da Nereida, duka saboda leda. Duk mai irinta ya aika gida yau a karɓo masa sabuwa. Ni na manna muku."